Wa aka taɓa yi wa tiyatar ƙarin efidamoid a gindin ƙwaƙwalwa?

Yayar mara lafiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi wa ƙanwata hoton MRI, aka ga ƙari a gindin ƙwaƙwalwarta, wajen kunnen dama. Likita ya ce efidamoid ne, ba daji ba, kuma da shi aka haife ta. Abin da ya tayar mana da hankali, ya ce wataƙila ba zai cire shi duka ba. Don Allah wanda abin ya taɓa shafa ya ba mu labari.

Wanda aka yi wa: Wa alaikumus salam. Nawa da ciwon fuska ya fara, in ina tauna sai in ji kamar lantarki ya ja ni a kunci. Har haƙori aka cire mini, ashe ƙarin ne ke danne jijiyar fuska. Ta bayan kunne suka buɗe ƙashi. Ƙarin kamar jaka yake. Abin da ke cikin jakar, matattun ƙwayoyin fata ne, fari mai sheƙi, bai cika wuyar kwashewa ba. Fatar jakar ce rigimar, don tana manne wa jijiyoyin ji, haɗiya da motsin ido, har da hanyoyin jini. Nawa likitan ya bar ɗan guntu, kuma har gobe ina gode masa. 'Yar uwa, likitan da ya faɗa muku haka tun kafin aiki, a ganina ya san abin da yake yi.

Wata uwa: Ɗana kuwa bayan tiyata zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya sanƙare. Muka ce shi ke nan, sanƙarau. Aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa aka auna, babu ƙwayar cuta. Ragowar abin cikin jakar ne ya harzuƙa rufin ƙwaƙwalwa. Da maganin sitiroid, mai rage kumburi, ya lafa. Amma kada ku yanke hukunci a gida. Zazzaɓi ko ruwa garau na zuba daga ɗinki ko hanci, ku koma asibiti nan take.

Wata 'yar uwa: Ni jin kunnen hagu bai dawo ba. Jirin da gani biyu-biyu sun tafi a hankali, da atisayen tafiya. Ana yi mini MRI lokaci-lokaci, domin guntun da aka bari kan sake girma, sai dai sannu-sannu, cikin shekaru.

Yayar mara lafiya: Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku lafiya. Ita ma kunnen ya fara yi mata ƙara. 'Yar uwa, an auna miki ji kafin a shiga da ke?