Muhawara: Wai da an cika alƙawarin kashi 15, da asibitocinmu sun gyaru?

Mai Kemis: Assalamu alaikum. Jiya na faɗi wannan magana a majalisa aka yi mini ca, shi ne na kawo ta nan. A ganina ciwon asibitocin Najeriya ɗaya ne, rashin kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A gidanmu aka yi taron, amma har yau kason gwamnatin tarayya a wajen kashi 5 yake yawo. Shi ya sa sama da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihun majiyyaci yake fita. Kullum ina ganin mutum ya zo da takardar likita, ya ce in cire masa rabin maganin, abin da ke hannunsa ke nan.

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam. Ɗana, zafinka gaskiya ne, amma ka duba Bangladesh. Abin da suke kashewa a lafiya bai kai kashi 3 na arzikin ƙasarsu ba, ga shi tsawon rayuwarsu ya haura shekara 70, mu ko 60 ba mu kai ba. Ma'aikatan lafiya mata suka baza gida-gida, rigakafi ya isa ƙauyuka. Shekara 30 na yi ina aikin kasafi. Tulun da yake yoyo ko rijiya ka juye masa ba zai cika ba.

Mai Kemis: Baba, ai ko tulun ne sai an zuba ruwa sannan a san inda yake yoyo.

Ungozoma: Ku ba ni dama, don ni a ƙaramin asibitin ƙauye nake kwana. Daminar bara, wajen ƙarfe 2 na dare, aka kawo mini wata baiwar Allah ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata. Babu wuta, da fitilar waya na nemo jijiya. Allurar tsayar da jini tana son sanyi, firjinmu kuwa ya fi wata 4 a mace, na yi mata ina addu'ar Allah ya sa da sauran ƙarfinta. Na ce a wuce da ita babban asibiti a ƙara mata jini. Motar asibiti tana nan a fake, sabuwa fil, babu mai, direba kuma yana gari. Kafin mijin ya tashi mai a-kori-kura an yi awa 2. A hanya ta cika. Har yanzu ina ganin zanen da aka naɗe jaririn da shi.

Alhaji Mai Kemis, motar nan kuɗi aka sa aka saye ta, miliyoyi. Abin da ya kashe matar bai wuce kuɗin mai da gyaran firji ba. Kuɗin da ake warewa yana tafiya inda ake yanka kintinkiri a ɗauki hoto, mu da ke ƙasa ko safar hannu sai mun tura miji ya sayo. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Da yawansu irin wannan daren ne ya ci su.

Ɗan Maraɗi: Allah ya jiƙanta, Malama. Mu nan Nijar tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne. Mata sun yi tururuwa zuwa likita, an ga amfaninsa sosai. Sai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya ƙare a kanta. A ce maka kyauta, sannan a miƙo maka takarda ka je ka saya. To a nan ina bayan Alhaji, rashin kuɗin ne ya karya tsarin.

Tsohon Akanta: Rashin biya a kan lokaci dai. Shi ne nake ta faɗa.

Mai Kemis: Malama, jikina ya yi sanyi. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Likitocinmu da ke tafiya Ingila da Saudiyya ai albashi ne ya kore su, wannan kam sai da kuɗi. Na yarda dai sayen mota ba shi ne aiki ba.

Ungozoma: Ni ma ban ce kada a ƙara ba, wallahi ina so a ƙara. Amma dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci, ba a sa shi a kasafi ba sai 2018. Wani kaso yana shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye, kuma kwamitin mazaɓa yana da haƙƙin ganin yadda aka kashe shi. A nan wa ya taɓa zuwa zaman kwamitin nan?

Mai Kemis: Ban ma san da shi ba. Yaushe ake zaman naku?

Ungozoma: Asabar ta farkon wata, bayan la'asar. Ka zo da Baba, ya duba mana littafin kuɗin, ni kuma in nuna muku firjin.