Robin Hood na 1938: na Curtiz ne ko na Keighley?

Mai Haɗa Hoto: Ni dai a wurina The Adventures of Robin Hood na 1938 fim ɗin darakta Michael Curtiz ne. Sunan ɗaya daraktan, William Keighley, da ke jikin fim ɗin kara ce kawai aka yi masa. Furodusa Hal Wallis ya duba abin da Keighley ke turowa, ya ga faɗan ba kuzari, aiki kuma na jan ƙafa, ya cire shi ya ɗora Curtiz.

Baba Mai Majigi: Yaro, ka yi gaggawa. Keighley ne ya kwashi 'yan wasa zuwa Bidwell Park da ke Chico a Kalifoniya a ƙarshen 1937, can aka ɗauki yawancin dajin Sherwood, maɓoyar Robin da mutanensa. Karawar Robin da Little John da sanduna a kan gungumen da ya ratsa rafi, aikinsa ne. Haɗuwa da Friar Tuck ma haka. In ka zare waɗannan, me zai sa mai kallo ya ƙaunaci mutanen dajin?

Mai Haɗa Hoto: Baba, ban musa ba. Amma abin da ake tunawa a cikin fada yake: Errol Flynn, mai fitowa a Robin, ya shigo liyafar Yarima John da barewa a kafaɗa, sai kuma faɗan takobi na ƙarshe da Basil Rathbone, mai fitowa a abokin gaban Robin. Dubi yadda suke gangarowa kan matakala, su fice daga hoto, inuwarsu kawai ke sara a jikin ginshiƙi, sannan su dawo. Sai an ajiye fitila mai ƙarfi a ƙasa, daga gefe guda, inuwa ke yin wannan girman. Hannun Curtiz ke nan, da mai kyamararsa Sol Polito.

Hajiya Mai Kyamara: Ku biyun kun tsallake injin. Kyamarar Technicolor ta lokacin, mai ɗaukar fim mai launi, tana raba haske da gilashi zuwa faifai 3, kowanne da launinsa, shi ya sa take cin haske sosai, ga nauyi. A ɗakin ɗaukar fim Curtiz na da fitilu yadda yake so. A daji kuwa Keighley da mai kyamararsa Tony Gaudio rana suke jira, ga inuwar bishiyoyi, ga kaka ta shigo ganye na canja launi har sai da aka fesa wa wasu koren fenti. Duk wanda aka ba wannan ɓangaren zai yi nawa. Rashin adalci ne a auna saurinsu da ma'auni ɗaya.

Malamin Wasan Takobi: Ƙanena, faɗan da kake yabo malamin takobi Fred Cavens ne ya tsara shi. Ana ƙirga kowane sara da karewa, a maimaita a hankali, a buɗe hannu fiye da na gaske don kyamara ta kama. Idan ɗaya ya manta ƙirga, tsinin takobi fuska yake nufa. Rathbone ya fi Flynn iya takobi nesa ba kusa ba, shi ke riƙe tazarar. Kibau kuma gwanin harbi Howard Hill ke harba su, na gaske, a ƙirjin mutanen da suka sa farantin ƙarfe da katakon balsa mai laushi a kai don kibiya ta kafe, ana biyansu dala 150 kowane harbi.

Mai Haɗa Hoto: Malam, Cavens ne kuma ya tsara faɗan bakin teku a fim ɗin Captain Blood na 1935, Curtiz ya ɗauka, da Flynn da Rathbone ɗin nan. Tsara sara daban, sanin inda za a dasa kyamara daban.

Baba Mai Majigi: To ka duba Oscar 3 da fim ɗin ya ci: Ralph Dawson na haɗa hoto, Carl Jules Weyl na tsara fage, Erich Korngold na kiɗa. Ba darakta ko ɗaya. Dawson ne ya ɗinke aikin mutum biyu har ba ka ganin ɗinkin, kuma sana'arka ce.

Mai Haɗa Hoto: Na karɓi ta Dawson, Baba. Amma ana ganin ɗinkin: a daji kyamara ta fi tsayawa daga nesa, a fada tana bin mutum. Ku sake kallon liyafar ku ƙirga sau nawa ta motsa.