Makiyayarmu ta zama fako, ina ake neman kuɗin gyara?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum jama'a. Ina zaune a Tawa, amma garinmu na wajen Kaita. Akwai wani fili tsakaninmu da Fulanin da muke maƙwabtaka da su, tun kaka da kakanni makiyaya ce. Ina yaro ɗan maraƙi kan shiga gamba a wurin, sai an bi kukansa ake gano shi. Yau rabi fako ne, rabi haƙin garmani ya cinye, shi kuwa ko jaki ba ya kallonsa. Ɗan wana da ke Amurka ya ce can gwamnati kan biya mai fili duk shekara don ya bar shi da ciyawa, yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15. Mu muna da irin wannan? Wa ake kai wa takarda? Bara sai da na sayar da tumaki biyu na sayi dusa na ciyar da sauran.

Tsohon Gandun Daji:
Wa alaikumus salam Malam. Can mai fili ake biya domin filin nasa ne. A nan Nijar makiyaya ta kowa ce, kuma dokar kiwo ta 2010 ta hana wani ya mallake ta, to wa za a danƙa wa kuɗin? Abin da ake biya shi ne aikin hannu, wato gina-ka-ci: a haƙa ramukan tare ruwan sama masu siffar rabin wata a kan fako, kamar 313 a hekta guda, a watsa irin ciyawa, a dasa itace. Ai ku 'yan Kaita kun fi kowa sani, tun 1984 aka soma irin wannan a yankinku.

Amma kada ku fara da maganar kuɗi. Ku tara mai gari da arɗo, ku je wurin kwamitin filaye, Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada. A zagaya filin, a kafa alamomi, a rubuta cewa makiyaya ce. Sannan ku kai buƙata ofishin magajin gari a sa ta cikin tsarin ayyukan ƙaramar hukuma, don nan masu furoje, wato masu kawo ayyukan raya karkara, ke dubawa. Garin da ke da rikicin iyaka, tsallake shi suke yi.

Inna Mai Kwando:
Ɗana, ni na yi aikin nan da hannuna. Rabin wata uku kowace rana, ana sallar asuba muke fita, maza da diga, mu da shebur da kwando. Ƙasar kamar siminti, tafin hannuna duk ya yi kanta. Kuɗin ma sai da muka yi wata biyu muna jira, mai shago har ya daina amsa gaisuwata.

Ba wannan ya ƙona mini rai ba. Damina ta sauka, kyasuwa ta fito kore shar cikin ramukan, har da burburwar da na manta kamanninta. Aka ce a tsare wurin sai ciyawa ta zubar da iri. Da kuɗin mai gadi ya ƙare, dare uku awaki suka share komai. Awakinmu fa, ba na baƙo ba! Ku yanke wanda zai biya mai gadi tun kafin a sari ƙasa.

Bawan Allah daga Abalak:
Baba Gandun Daji ya faɗi daidai. Mu nan arewa abin da ke zuwa bayan damina shi ne share hanyar tare gobara, ana biya da tsawon da aka share, haƙin da aka kwashe kuma ya yi amfani da rani. Roƙo ɗaya gare ku mutanen kudu: in za ku killace, ku bar burtali da hanyar rijiya. Mun sha gangarowa bayan girbi mu tarar da wurin da aka gyara da sunan kiwo ya koma gonar wani.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai. Inna, kin taɓa mini inda ke ciwo, don garken da ya fi yawa a garinmu na kawuna ne, shi ne kuma mai gari. Ran Juma'a zan je gida, sai dai da arɗo zan fara.