Bitamin D da rashin ganin nesa: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Maman Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona mai shekara tara ya fara ƙanƙance ido in yana kallon allo a aji. Likita ya ce ba ya ganin nesa, aka yanka masa gilashi mai lamba -1.50. Gwajin jini kuma ya nuna bitamin D ɗinsa bai kai 20 ba. Ƙarancin ne ya jawo? In ya sha magani idon zai dawo? Don Allah wanda ya gani ya faɗa mini, hankalina a tashe yake.

Abban Zara: Wa alaikumus salam. Haka muka yi da 'yata. Ta sha ƙwayar, jinin ya daidaita, ciwon ƙafa da take kuka da shi ya tafi. Amma da shekara ta zagayo, lambar gilashin ƙaruwa ta yi.

Anti Binta: Ƙanwata, a sashen ido nake aiki, kusan kullum sai iyaye sun yi mana wannan tambaya. Gaskiya ne bincike a Ostareliya da Koriya ta Kudu ya sami ƙarancin bitamin D a jikin masu wannan matsala. Sai dai a 2017 an bi ta ƙwayoyin gado, aka ga waɗanda suka gaji ƙarancin ba su fi sauran mutane matsalar ido ba. Abin da ya haɗa su shi ne zaman ɗaki. Yaron da ba ya fita, fatarsa ba ta samun ranar da za ta haɗa bitamin, idonsa ma ba ya samun haske mai ƙarfi. Masana na ganin hasken waje yana sa ido ya saki sinadarin dofamin, wanda ke rage wa ƙwayar ido saurin yin tsawo, kuma tsawon nan shi ne tushen matsalar. Idon da ya riga ya yi tsawo ba ya komawa, amma ana iya rage saurin ƙaruwar.

Malam Sani: Ni malami ne. Ɗaliban da ke zama a aji lokacin tara su na fi gani da gilashi. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa yara minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kusan kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu da rashin ganin nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kusan 40. Taiwan kuwa tun 2010 minti 120 take nema yara su yi a waje a rana.

Nafisa: Yaya, kar ki ƙara masa adadin ƙwayar da kanki. Wata ƙawata ta yi haka, kalsiyam ya taru mata a jini har ya taɓa ƙoda.

Maman Khalifa: Na gode, Allah ya saka. Anti, in a inuwa yake wasa ya wadatar, ko sai cikin rana?

Anti Binta: Inuwar bishiya ma ta ninka hasken ɗaki sau da yawa, don haka ta wadatar wa ido. Ya riƙa sa gilashinsa, ya sha maganin yadda likita ya rubuta, ki mayar da shi awo bayan wata shida.