Waɗanne furanni suka dace da lambun yanka a Kano?

Maman Khadija, Kano

Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida wanda bai wuce girman ɗaki guda ba, rana tana samunsa tun hantsi har la'asar, kuma muna da ruwan burtsatse. Burina shi ne in mayar da shi lambun furannin da zan riƙa yankowa ina sawa a kwalba a falo, idan kuma Allah ya sa abin ya karɓe ni, in riƙa haɗa wa masu kwalliyar wuraren biki. Furannin da ke jikin katangarmu suna da kyau a kan itacensu, amma da zarar an yanko su sai su yi yaushi kafin yamma. Ina neman shawarar masu sani game da irin da ya kamata in fara da shi, da kuma lokacin shuka.

Mai Lambu, Zariya

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika gani a furannin katanga ba laifin hannunki ba ne, domin furen ado daban, furen yanka daban. Kafin ki sayi kowane iri, ki tabbata yana da dogon kara mai ƙarfi, yana iya kwana biyar zuwa bakwai a cikin ruwa, kuma yana sake toho bayan an yanke shi. Kyan hoton da ke jikin takardar iri ya zo a ƙarshe. Abin da za ki fara dubawa a takardar shi ne tsayin shukar, kuma duk wadda ba ta kai santimita 60 ba, ta gefen hanya ce.

A zafin Kano, ban san furen da ya kai ziniya ba. Asalinta daga Meziko ne, ba ta tsoron rana, tana fara fure wajen wata biyu bayan shuka, kuma yawan yankanta shi ne ke sa ta ƙara fitar da rassa. Idan ta kai tsayin kamu guda, ki tsinke kanta da farce ko almakashi a saman ganye. Wannan yana da wuya a zuciyar wanda ya raini shuka, amma shi ne zai ba ki kara da yawa maimakon guda ɗaya. Ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta, saboda haka ki bari ta buɗe sosai, sannan ki kama karan ki ɗan girgiza shi: idan wuyan furen ya yi lilo, bai nuna ba, idan ya tsaya ƙyam, ki yanka.

Ki haɗa ta da silosiya, wadda 'yar'uwar alayyahu ce kuma nomanta bai bambanta da nasa ba, da gomfirena mai ƙananan kawuna kamar maɓalli, wadda ko ta bushe launinta yana nan. Sanfulawa ma tana yi, sai dai irin mai kara ɗaya fure guda take bayarwa, don haka ana shuka ta kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu.

Game da lokaci, ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa. Shukar damina tana tashi da sauri, amma laimar Agusta tana kawo wa ganyen ziniya ɗigo-ɗigo da fumfuna. Ko da rani ne, ki zuba ruwa a gindi, kada ki watsa a kan ganye.

Baban Jos

Na yarda da Malam, sai dai ina so in ƙara magana a kan wardi, domin masu biki shi za su fara tambayarki. Mu a nan Jos yana yi mana kyau saboda muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 kuma darenmu yana da sanyi. Irin wannan tudu da sanyi yana cikin dalilan da suka sa gonakin wardi na Kenya suka taru a kewayen tafkin Naivasha, wanda ya fi Jos tsayi, inda ake ɗaukar furanni a jirgi zuwa kasuwannin Holand. A Kano wardi zai rayu, amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, furensa yakan ƙanƙance ya buɗe da wuri ya zube. Ki dasa gindi biyu ko uku domin ƙamshin gida, amma kada ki ɗora kasuwancinki a kansa. Abin da za ki iya gwadawa da hunturu shi ne giladiyolas, wanda ake binne kansa kamar albasa, a yanke shi lokacin da furen ƙasa na farko ya fara nuna launi, sauran su ci gaba da buɗewa a cikin kwalba.

Umma Mai Fure, Kano

'Yar'uwa, kada ki cika filin da furanni zalla, domin damin fure yana bukatar ganye da abin cike gurbi, kuma muna da su a gida. Karan zoɓo ja, idan an zage ganyensa aka bar 'ya'yan a jere, yana ƙawata haɗi fiye da yadda mutane suke zato. Ɗoɗɗoya tana ba da kore da ƙamshi, amma sai karanta ya yi ƙwari ake yanka ta, in ba haka ba za ta langaɓe.

Yadda kika kula da fure bayan yanka ya kai zaɓen iri muhimmanci. Ki fita da sassafe da bokitin ruwa mai tsabta a hannu, duk karan da kika yanke ya shiga ruwa nan take, ki cire ganyen da zai nutse domin shi ne ke ruɓewa ya toshe karan, sannan ki ajiye bokitin a inuwa na 'yan sa'o'i kafin ki haɗa. Ki riƙa canza ruwan kwalba kullum a lokacin zafi, kuma kada ki ajiye ta kusa da nunannen mangwaro ko ayaba, domin iskar da suke fitarwa tana tsufar da fure.

Maman Khadija, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan raba filin komi uku, biyu na ziniya, ɗaya na silosiya da gomfirena, in jera zoɓo da ɗoɗɗoya a bakin katanga. Malam, wace tazara zan bari tsakanin shuka da shuka?

Mai Lambu, Zariya

Ki bar santimita 25 zuwa 30 tsakanin ziniya, Hajiya, domin iska ta riƙa ratsawa. Ki cakuɗa ƙasar da takin shanu wanda ya riga ya ruɓe, kuma ki shuka irin kai tsaye a cikin komi, domin yakan tsiro cikin mako guda.