Masu shuka attarugu a cikin ɗaki, wane girman tukunya kuke sawa?

Maman Ilham, Toronto
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu shuka attarugu a cikin gida ku zo mu yi maganar girman tukunya, don duk wanda na tambaya amsarsa daban. Nan Kanada kun san lokacin zafi gajere ne, shi kuma attarugu irin namu mai ƙamshin nan baya sauri, daga dashe zuwa ya nuna ja yana cin kwana 90 zuwa 120, ban da wajen wata biyun da yake yi yana ƙarami. Shi yasa nake so in barshi a ɗaki ƙarƙashin fitila gaba ɗaya. Yanzu suna cikin kofunan yogot, ganye shida shida. In juye su cikin babban bokiti kai tsaye ne ko yaya?

Baban Sadiq, Hambog
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki kaisu babban bokiti yanzu dan Allah. Ɗan tsiro mai ganye shida saiwarsa bata kai ta shanye ruwan lita 20 na ƙasa ba, sai ƙasar ta zauna a jiƙe sati guda ko fiye, saiwa ta rasa iska ta fara ruɓewa, kiga ganye na yin ɗorawa ki ɗauka ƙishi ne ki ƙara ruwa, ashe ruwan ne ke kashe shi. Kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗaki mai hita ita ke kawo ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan da ke tashi in an taɓa tukunya, tsutsarsu saiwa take ci. Ni daga kofi nake kaiwa lita 3, in naga fararen saiwa sun leƙo ta hujin ƙasa sai in kai gidansa na ƙarshe, lita 15 zuwa 20.

Anti Rabi, Manchesta
Maganar Malam haka take amma ni ƙarshen nake so in jaddada, don nan ne mutane ke yin ƙwauro. Shukar da zata yi wata shida, bakwai tana fure tana 'ya'ya ba ɗaya take da latas ko alayyahu da za'a yanke bayan sati biyar ba. Nawa guda biyu ne iri ɗaya taga ɗaya, ɗaya a lita 7 ɗaya a lita 19. Da farko kai ɗaya suke tafiya har na lita 7 ɗin ma ya riga yin fure, amma da aka shiga wata na huɗu sai ƙaramin ya koma kullum a bushe, ki bashi ruwa da safe kafin magariba ganyensa sun langaɓe, furen yana zubewa a kan tayil kamar an karkaɗe shi, 'ya'yan da suka kama kuma gindinsu yayi baƙi ya lotsa. Da na zare shi daga tukunyar wlh ƙasa kaɗan ce ta rage, saiwa ce ta nannaɗe kanta ta zagaye jikin robar har ta ɗauki siffar tukunyar. Wancan na lita 19 har yanzu ina tsinka ina miya.

Dokta
Anti baƙin gindin nan ƙarancin kalsiyam ne a cikin ɗan, kuma yawanci ba wai babu shi a ƙasar bane, ruwa ne ke ɗaukarsa zuwa 'ya'yan, toh in ƙasa tana bushewa ƙarau ta jiƙe ta sake bushewa sai ya kasa isa. Ƙaramar tukunya ita ke jawo wannan hawa da saukar.

Yaya Musa, Kalgari
Maman Ilham tunda kina Kanada ki kula da abu ɗaya, nan da galan ake sayar da tukwane. Galan ɗaya na Amurka lita 3.8 ne, wato bokitin galan 5 kusan lita 19 kenan, amma baƙaƙen tukwanen masu sayar da shuke-shuke da ake rubuta wa lamba 1 ko lamba 5 basu cika galan ɗin ba, lamba 1 wajen lita 3 ce kawai. Ki duba litar da kanki.

Ni tukunyar ƙyalle nake amfani da ita, mai kama da jaka. Tunda aka halatta wiwi a Kanada a Oktoban 2018, har doka ta yarda da tushe huɗu a gida a yawancin larduna, shagunan kayan shuka a ɗaki suka cika gari, can nake sayen jakar da fitila, ni dai barkono na ya kaini. Mai shagon ne ma yake ce min masu shuka irin wiwi mai daɗewa yana fure sama da sati 12 lissafinsu ɗaya da namu, iya daɗewar shuka a tukunya iya girman da za'a bata. Amfanin ƙyallen shine in saiwa ta kai bango ta haɗu da iska sai bakinta ya bushe ta fito da rassa daga ciki, bata zagaye irin yadda Anti ta faɗa. Sai dai tana shan ruwa, tana bushewa da wuri fiye da roba, don haka in lita 15 zaki sa a roba toh a ƙyalle ki ɗauki 20, kuma lallai ki sa faranti a ƙasa in ba haka ba kafet ɗin mai gida ya shiga uku.

Ummu Aisha, Kano
Ikon Allah, mu nan bokitin fenti na lita 20 muke hudawa ko buhun shinkafa a naɗe bakinsa, tushe ɗaya kowane buhu, a tsakar gida. Abinda na lura dashi baƙin bokiti in rana ta dake shi a watan Afrilu ƙasar ciki zafi take yi sosai fure ya zube, farin bokiti yafi. Kuma kar ku haɗa tushe biyu a ɗaya don ganin wai akwai fili, ƙarshe duk biyun basa yin kirki.

Baban Sadiq, Hambog
Hajiya ta Kano ta tuna min, zurfi ma abin dubawa ne ba faɗi kawai ba. Attarugu in ya samu zurfin santimita 30 ya ishe shi, zogale ne bazai yarda ba don saiwarsa ƙasa take nutsawa. Sannan a ɗaki fitila ce ke yanke hukunci, in fitilarki ƙarama ce ko kin bashi lita 40 bazai cika ta ba, kin dai ƙara wa kanki nauyin ɗauka ne da ƙasar da bata bushewa. Ni awa 14 zuwa 16 nake kunna musu, in fure ya buɗe in ɗan girgiza reshen da rana tunda ba zuma ba iska a ɗaki.

Maman Ilham, Toronto
Allah ya saka da alheri, na gane. Zan kaisu lita 3 ƙarshen satin nan, na ƙarshe kuma jakar ƙyalle ta lita 20, guda uku kawai wurin zai ɗauka sauran in raba wa maƙwabta. Yaya Musa ƙasar fa, ta buhu da ake sayarwa ta isa ko sai na haɗa da farin dutsen nan mara nauyi da ake ce wa perlite?

Yaya Musa, Kalgari
Ki haɗa, kashi ɗaya na dutsen kashi uku na ƙasa. Kuma ranar dashe ki bari ƙasar kofin ta ɗan sha iska tukuna, tafi fitowa a dunƙule saiwa bata tsinke ba.