Kurji a gefen hanci ya kai ƙanina gadon asibiti: wa ya taɓa ganin irin wannan?

Abban Husna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ɗan shekara 19 yana kwance a asibiti. Ɗan maruru ne ya fito masa a gefen hanci ya matse, sai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani suka biyo, idon dama ya kumbura har ƙwayar ta turo waje. Bayan hoton kai likita ya ce ƙwayoyin cuta sun bi jijiya sun sa jini ya daskare a bayan idon. An fara masa allurai, yanzu kuma suna maganar ƙara maganin tsinka jini, hankalin Hajiyarmu ya tashi. Duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwon ya taimaka mana da abin da ya gani.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Ni 'yata ce, ita daga haƙori ya faro, wani na sama mai kogo da ya daɗe yana damunta. Da idon ya yi ja kowa a gidan cewa ya yi apolo ce, mai kemis ma maganin ɗigawa ya ba mu, kakarta ta ce a sa mata kwalli. Abin da ya tayar min da hankali shi ne fatar idon ta sauko ta kasa ɗaguwa, farin idon ya yi luhu-luhu kamar an ɗura masa ruwa. Na tsaya gefenta na ce ta kalle ni, sai ta juyo da kai gaba ɗaya, idon ba ya tafiya gefe. Kafin mu gama shawara na hagu ma ya soma. Likitan da ya karɓe mu bai ko tsaya kan idon ba, bakinta ya ce ta buɗe. Daga baya sai da aka cire haƙorin, don sun ce muddin tushen yana nan allura kaɗai ba za ta gama aikin ba.

Sista Bilki: Abban Husna sannunku da jinya. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na kula da masu wannan a ɗakinmu. A ƙasan ƙwaƙwalwa, bayan kowane ido, akwai wata matattarar jini. Jinin da ke fitowa daga hanci, leɓen sama da kewayen ido yana da hanya zuwa can, shi ya sa muke hana matse kurjin da ya fito tsakanin karan hanci da gefen baki. Ciwon kogon hanci da na haƙoran sama ma kan kai cuta wurin. Mafi yawan lokaci ƙwayar da ake kira sitafilokokos ce, wadda ke kawo maruru. Jijiyoyin da ke juya ido da ɗaga fatarsa ta cikin matattarar suka ratsa, don haka ido ke kafewa ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Ta dama da ta hagu kuma a haɗe suke, ciwon kan tsallaka ɗaya idon cikin kwana 1 zuwa 2, kamar yadda Maman Ilham ta gani.

Ana tabbatar da shi da hoton CT ko MRI bayan an yi allurar da ke haska jijiyoyi, a kuma ɗebi jini a kai awo a ga wace ƙwaya ce za ta tsiro. Ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Yawanci a haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta, bankomaisin da seftiriyazon, a ƙara Flagyl idan ana zargin haƙori ko kogon hanci, duk ta jijiya, sati 3 zuwa 4, wani lokacin fiye.

Maganar hefarin kuwa, wato maganin tsinka jinin da suke son ƙarawa, ku ce wa Hajiya ba jininsa zai ƙarar ba, hana gudan jinin da ya daskare ƙaruwa yake yi. Gaskiya likitoci sun sha bamban a kansa, amma da yawa suna bayarwa idan hoto ya nuna babu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ku tambayi likitansa wannan ɗin kai tsaye, haƙƙinku ne.

Malam Sabo Direba: Namu bai zo da sauƙi ba. Mahaifinmu mai ciwon suga ne, aka yi ta allura zazzaɓi bai sauka ba. Sai wata likitar hanci ta leƙa ta ga cikin hancin ya yi baƙi, ashe fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, irin wanda ya addabi Indiya a 2021 lokacin korona. Aka canja magani zuwa amfoterisin mai kashe fangas, aka yi masa tiyata aka kankare wurin. Ya rayu, amma idon ya tafi. Idan ƙaninka na da suga ku faɗa musu tun yanzu, in ba a taɓa auna shi ba a auna.

Ummu Sadik: Ni kaina na yi shi bayan wata mura da ta toshe min hanci ta ƙi tafiya. Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne wahalar tsakiya. Kumburi na saɓewa dangi za su fara cewa ai ta warke, a nemi sallama a ƙarasa da ƙwayar magani a gida, ga kuɗin bankomaisin ba wasa ba. Mijina ya ƙi, Allah Ya saka masa. Hannuwana duk sun yi tabon kanula, har a ƙafa an sa min. Bayan sallama na sha warfarin, shi ma maganin tsinka jini ne, wata 3 ina zuwa awon jini, aka ce kada in riƙa cika zogale da alayyafo yau in bari gobe, don suna rage ƙarfin maganin. Hararar garke ta daɗe kafin ta gyaru, har yanzu in na gaji rubutu kan rabu min biyu.

Abban Husna: Na gode ƙwarai, na karanta wa Hajiya duka. An auna suga, lafiya lau. Hoton bai nuna zubar jini ba, an fara hefarin ɗin da yamma. Sista, wuyansa ya ɗan sanƙare tun ɗazu, kwanciya ce ko in yi magana?

Sista Bilki: Yi magana yanzu, kada ka bari sai zagayen safe. Wannan ciwon kan zo tare da sanƙarau. Je teburin nas ka ce a kira likitan da ke bakin aiki.